Ganuwar Katsina da Mu Masu Bin Hanyar Maraɗi

   

Yau maganar birni za mu yi, birnin Katsina da ganuwarsa. Na san wani zai ce, to mu da ke daji, ko mu da kullum muna saman lodi, ina ruwanmu da katangar 'yan birni? Ka yi haƙuri ka biyo ni. Da ruwanka, har da tsakinka.

In ka taso daga Maraɗi, ka bi ta Ɗan Isa, ka tsallaka Magama, ka wuce Jibiya, tafiyar kilomita 90 ko kusa da haka, Ƙofar Guga ce za ta tarbe ka. Wanda ya fito daga Kano, ta Ƙofar Ƙaura zai shiga. Na Dutsinma ya shiga ta Ƙofar Ƙwaya, na Batsari ta Ƙofar 'Yanɗaka, na Kaita ta Ƙofar Sauri. Ka ƙara da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Marusa, bakwai ke nan. Duk direba ya san su, don da su ake kwatance. Amma ran da ka sake bi ta ɗaya daga ciki, ka ɗan dubi dama ka dubi hagu. Ƙofa ce a tsaye, an sake ta da siminti an shafa mata fenti, amma ina bangon da aka yi ƙofar dominsa? A wurare da yawa babu. Shaguna ne da gidaje da masu faci. Inda ya saura, za ka ga wani dogon tudun jar ƙasa, ruwa ya zaizaye shi, awaki na hawa, wani wurin ma juji ne. Wannan tudun shi ne ganuwar.

Don ka san girman abin da ake magana: a farkon shekarar 1851 wani Bajamushe mai suna Barth, wanda a ƙasar nan aka sani da Abdulkarim, ya iso Katsina tare da ayarin gishiri na Buzaye. Daga Azbin suka gangaro, ta Damargu, ta Tasawa, ta Gazawa. Kun ga dai hanyar nan ba baƙuwarmu ba ce. Ya kimanta kewayen ganuwar ya ce za ta kai mil 13 zuwa 14, wato sama da kilomita 20. Ka ɗauka ka saki shanu da hantsi ka ce za ka zagaye ta da su suna kiwo, to sai yamma.

Me ya sa aka yi ta da faɗi haka? Mutanen gari ba su taɓa cika ta ba. Gidaje na wani sashe, sauran fili ne: gonaki, da fadama, da rijiyoyi, da kududdufai, da wurin kiwo. Dabara ce ta mutanen da suka san yaƙi. In abokan gaba suka yi wa gari zobe, ba takobi ke cin gari ba, yunwa da ƙishirwa ke cin sa. Saboda haka aka kewaye gari da gonarsa da ruwansa gaba ɗaya. Kuma in an buga tambarin yaƙi, mutanen ƙauyukan kusa su kwaso iyali da hatsi, makiyaya su koro dukiya, kowa ya shige ciki a rufe. Kai Bafillace, ke mai tallar nono, wannan filin na cikin ganuwa da ku aka auna shi. Birnin da ba shi da nono da nama da taki da shanun huɗa da jakan dako ba ya kai labari in an tsare shi wata uku.

Yadda aka gina ta kuwa, ba injin ba siminti. Ƙasa ce ake haƙa a kwaɓa, a mulmula tubali irin na da, mai gindi da tsini, a shanya ya bushe, a jera, a bi da laka. Gindinta da kauri ƙwarai, tana hawa tana sirancewa. Ta ciki akwai badala, inda maharba ke tsayawa su leƙa waje. Ta waje kuma ramin da aka ɗebi ƙasar ya zama gwalalo, aka bar sarƙaƙiya ta cika shi, yadda doki ba zai iya kusantar bango ba. Ƙofofin ƙunci gare su, da rufin azara ta giginya wadda gara ba ta ci, da ƙyaure mai nauyi. Kowace ƙofa da sarkinta. Rana ta faɗi a rufe. In ayarinka ya makara, sai ka sauke a waje ka jira gari ya waye, ko kai wane ne. Masu kukan an rufe boda ƙarfe shida, kun ji, abin ya daɗe.

Abin da na fi so ku riƙe game da ginin nan shi ne wannan: ganuwar ƙasa ba a gama ta. Kowace damina sai ta ci rabonta. Don haka in kaka ta yi aka kai amfani gida, sai a yi shela, a raba bangon kashi-kashi, kowane basarake da jama'arsa su zo su gyara nasu, da kiɗa da abinci, aikin gayya sosai. Ganuwar da Barth ya gani ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye ne saboda kowace shekara akwai hannun da ke shafa ta. Ran da hannun ya janye, ran nan ta fara mutuwa.

To su wa suka kafa wannan gari? Kafin birnin na yanzu ya yi ƙarfi, sarauta na hannun Durɓawa, kuma kaburburan sarakunansu na nan a Durɓi ta Kusheyi, wajen Mani. Labarin da Katsinawa suka gada ya ce Korau, mutumin 'Yandoto, shi ya kayar da Sanau a kokawa, ya kashe shi, ya hau sarauta. Muhammadu Korau shi ake lissafawa sarki Musulmi na farko, fiye da shekara 500 da suka wuce. Har gobe sunan fadar Katsina Gidan Korau, kuma takobin nan Gajere yana cikin kayan sarauta. Babbar ganuwar ta waje kuwa, ana danganta ta ga Sarki Ali Murabus, a ƙarni na 16.

Daga nan gari ya zama na malamai. In ka shiga tsakiyar birni za ka ga hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai tsawon kamar mita 15, abin da ya rage na tsohon masallacin Juma'a, wanda kuma makaranta ce a zamaninsa. Shehu Magili, mutumin Tilimsan, ya zauna Katsina a shekarun 1490 bayan ya biyo ta Azbin. Imam Suyuɗi, wanda almajirai ke karanta tafsirinsa na Jalalaini duk azumi, ya rubuto wasiƙar nasiha daga Masar zuwa ga Sarkin Agadas da Sarkin Katsina Ibrahim. Ku lura, wasiƙa ɗaya, sarakuna biyu. A idon malamin Alƙahira na wancan zamani, Agadas da Katsina unguwa ɗaya ce. Sai waliyyan gari: Ɗan Takum, da Ɗan Marina, da Ɗan Masani, wanda aka haifa a 1595 ya rasu a 1667, wanda unguwar Masanawa ke ɗauke da sunansa. Sunan nan har ya zama sarauta, kun dai san marigayi Maitama Sule Ɗan Masanin Kano. Akwai kuma Muhammadu al-Katsinawi, Bafillace, gwanin hisabi da hatimi, wanda ya tafi hajji ya zauna Alƙahira yana koyarwa har ya rasu can a 1741. Ɗan Fulani daga Katsina yana koyar da lissafi a Masar, shekara kusan 300 da suka wuce. Ku gaya wa yaran ruga wannan, musamman wanda ake ce wa karatu ba nasa ba ne.

Malami kuwa ba ya zama inda ba abinci. Kasuwa ce ta riƙe su. Da sojojin Maroko suka rusa daular Songai a 1591, harkar Tambutu da Gao ta rikice, sai fataucin Sahara ya karkato gabas, Katsina ta zama babbar tashar da raƙuma ke sauke kaya. Daga arewa, ta Tarabulus da Gadamas da Gat da Agadas, ana kawo takarda da alharini da tsakiya da takubba da turare. Daga Bilma da Fashi kantun gishiri da dabino. Daga Gwanja goro, a kan jakai, tafiyar watanni. Daga nan kuma ana fita da jar fata da ƙirgi da tufafin rini da hatsi. Da bayi kuma, kada mu ɓoye. An sayar da 'yan Adam a kasuwannin nan, aka bi da su Sahara a ƙasa, da yawa ba su kai ba. Wannan ma yana cikin gadon, kuma gara a faɗe shi da a shafe.

Kowane baƙo da masaukinsa. Wangarawa, 'yan kasuwa kuma malamai daga ƙasar Mali, su ne asalin unguwar Gambarawa. Larabawa da tasu unguwa, Buzaye da nasu zango. Madugu ya iso, fatoma ya sauke shi, ya ajiye masa kaya, ya nemo dillali, ya tsaya masa in an ci bashi. Duk abin da kuke yi yau a Jibiya da Mai'aduwa da Ɗan Isa, na mai masauki da la'ada da amana ba takarda, a irin waɗannan zangunan aka gyara shi. Kirarin da ake wa garin na ɗakin kara daga nan ya samo tushe. Ba karar shanu ake nufi ba, makiyaya, kara ta mutunta baƙo.

Yanzu ga inda maganar ta zo kanmu kai tsaye. Da jihadin Shehu Usmanu ya iso ƙasar Katsina, Malam Ummarun Dallaje da Na Alhaji da Ummarun Dumyawa suka jagoranci jama'a, birni ya faɗi wajen 1807. Sarki Magajin Halidu ya fita ya yi arewa, aka ci su a Ɗankama, labari ya ce rijiya ya faɗa. Waɗanda suka tsira suka naɗa Ɗan Kasawa, suka yi zaman Damagaram na wani lokaci, daga baya suka dawo suka kafu a Maraɗi. Maraɗi ɗin ma asalinsa sunan sarauta ne a ƙasar Katsina. Shi ya sa har yau sarkin da ke Maraɗi, Sarkin Katsina ake ce masa. Shi ya sa manyan fadarsa su ne Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi. Ku sake jin sunayen nan. Uku daga cikinsu suna rubuce a ƙofofin birnin Katsina, kuma a cikin tsoffin unguwannin Maraɗi akwai 'Yanɗaka. Mutanen da suka fita ba su iya ɗaukar bango a ka ba, sai suka ɗauki sunaye da sarautu da tambura suka tafi da su. Saboda haka Bamaraɗe in ya tsaya gaban ganuwar Katsina, kakanninsa na cikin waɗanda suka mulmula tubalinta.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. Kusan shekara 90 ana kai wa juna hari tsakanin Katsina ta Dallazawa da Katsina ta Maraɗi da ƙawayenta Gobirawan Tsibiri. Zamanin Ɗan Baskore, daga baya zamanin Ƙaura Hasau, dawakin Maraɗi sun sha kutsawa can cikin ƙasar Katsina, su ma na Katsina suna ramawa. Ban zo raba gardamar wa ya fi wa jarunta ba, mawaƙa sun ishe mu wannan. Abin da nake so ku duba shi ne wa ya biya kuɗin. Ƙauyuka suka tashi, gonaki suka koma daji. Da Barth ya bi tsakanin Gazawa da Katsina, daji ya ratsa wanda ayari ke bi a tsorace, ya wuce ta kufan Ɗankama. Da ya shiga birnin, wanda a ganinsa zai iya ɗaukar mutum 100,000 a lokacin ƙarfinsa, ya kimanta waɗanda suka rage ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba. Manyan fatake sun kwashe sun koma Kano. Bango na nan da tsayinsa, ba wanda ya fasa shi, amma gari ya zube, saboda hanya ta mutu. Fatake, kun fi kowa sanin wannan. Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 da Nijeriya ta rufe iyaka, da kuma daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 bayan juyin mulkin Yamai, kun ga yadda kasuwannin bakin iyaka suka yi tsit, 'yan dako suka zauna, masu abinci suka kife tukwane. Ku kuma makiyaya, da mutanen Batsari da Safana da Jibiya da Madarunfa, ba sai an gaya muku abin da ke faruwa ba in daji ya fi ƙarfin gari. Yammacin Katsina ya taɓa ganin irin wannan, kuma sai da aka daina kai hari sannan mutane suka koma suka sare daji suka sake kafa garuruwa.

A 1903 Lugga ya shiga Katsina ta Ƙofar 'Yanɗaka ba tare da an yi harbi ba. Daga ranar aikin ganuwa na tsaro ya ƙare, gayyar gyara ta yi ta ja da baya har ta tsaya. A 1906 Turawa suka ɗora Durɓi Muhammadu Dikko, Basullube, a kan sarauta, gidansa ke riƙe da ita har yau. Iyakar da ta raba mu kuwa, a teburin Turai aka tsara ta. Yarjejeniyar 1898 ta tura Faransawa can arewa, suka koka cewa hanyarsu daga Kwara zuwa Damagaram ba ruwa, aka sake zama a 1904 da 1906 aka gusa layin kudu don su sami rijiyoyi. Haka Maraɗi ta faɗa hannun Faransa, Katsina hannun Ingila, aka bi aka kafa duwatsun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Ku auna da kanku: layin nan bai fi shekara 120 da 'yan kai ba, ganuwar kuwa ta haura 400.

Wa ya cinye ta? Ruwan sama ya ci nasa, amma ruwa bai kai mu ba. Mai gini ya zo da jaki ya ɗebi ƙasa, don ƙasar ganuwa ta riga ta kwaɓu, ta fi kowace kyau. Mai gida kusa ya ɗan matsa da katangarsa taku biyu. Na kusa da shi ya ga ba a ce komai ba, ya matsa taku huɗu. Aka yanka fuloti, aka sa hannu, aka fasa nan don titi, aka cike gwalalo da shara aka yi gini a kai. In damina ta yi ƙarfi kuma ruwa ya rasa inda zai kwanta, ya shiga ɗakunan mutane, a ce ƙaddara. Mutanen Maraɗi da suka ji labarin ambaliyar 1945 daga bakin iyayensu, wadda ta sa gari ya tashi daga bakin gulbi ya hau tudu, sun san ruwa ba ya manta hanyarsa.

Makiyayi, wannan labarin bai yi maka kama da wani abu ba? Haka burtali ke mutuwa. Ba wanda ke zuwa rana ɗaya ya ce na cinye burtali. Kunya ɗaya ce bana, kunya biyu baɗi, shekara goma sai ka iso da garke ka tarar da gero inda kakanka ya bi, ka rasa ta inda za ka kai su mashaya, rigima ta tashi. Ganuwa da burtali da mashaya da makiyaya da kududdufin unguwa duk jinsi ɗaya ne: kayan kowa, waɗanda in ba a tsaya musu ba sai su zama na mai ƙarfin hali. Garin da ya iya tsare ragowar ganuwarsa daga masu yankan fuloti, shi ne garin da za ka kai ƙarar burtali a saurare ka, don hakimi ɗaya ne, ofishin ƙasa ɗaya ne, kuma hannu ɗaya ke sa wa takardun biyu hatimi. Ni a ganina shi ya sa bai kamata ku ɗauki maganar nan ta 'yan boko da masu yawon buɗe ido kaɗai ba.

Ba na cewa a sake kewaye Katsina da bango. Gari ya fi ƙarfin haka, unguwannin waje sun ninka na ciki, kuma ba bangon ƙasa ke tare mai babur da bindiga ba. Abin da ya rage dai shi ake magana: guntayen da ke tsaye, da Gobarau, da kaburburan waliyyai, da ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wanda yanzu gidan tarihi ne. Waɗannan in an kewaye su, aka ba magina na gargajiya aikin shafe su duk bayan damina da ƙasa da makuba kamar yadda aka saba, za su kai jikokinmu. Siminti ba ya yi wa ginin ƙasa magani, yana riƙe danshi ne a ciki har bango ya ruɓe ya zube. A tambayi tsofaffin magina, sun sani. Mutanen Agadas sun riƙe wannan al'ada ta shafe hasumiyarsu, ga ta nan tsaye mita 27, har hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013.

Naku kason ba shi da nauyi. Kai mai tifa ko mai amalanke, in aka ce ka ɗebo ƙasa a jikin ganuwa, ka ce a nemi wani wurin. Kai mai raƙumi ko garken tumaki da ka kwana kusa da gari, kada ka ɗaure a jikinta, kofato da fitsari na cin gindin bango fiye da yadda kake zato. Kai Alhaji da Allah ya buɗa wa a harkar iyaka, in dillalin fili ya kai ka wurin da ka ga tudun jar ƙasa ya miƙe, ka tambayi mai unguwa kafin ka biya. Tsofaffin da ke ruga da zango waɗanda suka san sunayen tsoffin mashekarai da rijiyoyin hanyar Katsina zuwa Tasawa da Agadas, ku sa yara su ɗauki muryarsu a waya tun suna raye. Malam Yusufu Bala Usman, da ya rubuta littafinsa na tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, bai tsaya ga takardu kaɗai ba, sai da ya bi garuruwa har cikin Nijar yana zama gaban irin waɗannan tsofaffi.

Ga kuma jirgin ƙasa na tafe. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. In ya fara aiki, filayen da ke kusa da tasha da manyan hanyoyin shiga birni za su yi tsada, masu neman wurin sito da shago za su yi yawa, kuma idonsu zai fara sauka ne kan filin da ba shi da mai shi a takarda. A Katsina wannan fili shi ne ragowar ganuwa. A kan hanya kuma shi ne burtalin da dogo zai ratsa. Shugabannin makiyaya da na 'yan kasuwa na ɓangarorin biyu, yanzu ne lokacin zuwa a tambaya a ina aka bar wa shanu mahaya, kuma a ina aka ja layin da gini ba zai wuce ba, tun ba a kai ga zuba kankare a wurin ba.